Garin da Shanu Suka Ja

Kada ku wahalar da kanku wurin neman wawan labarin nan. Ni ne. Ni Alhaji Illa, mai butik ɗin atamfa da turare a Belleville cikin Paris, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu kafin malaminmu ya lura ilimina ya fi ƙarfin bencin da nake zaune a kai, ya sallame ni da bulalar ban kwana. Tun daga ranar nake ɗaukar kaina masanin ƙasa da tarihi, kuma har yau babu wanda ya taɓa musa mini a cikin butik ɗina, musamman masu neman ragi.

Tarihin da nake taƙama da shi kuwa a ƙofar ɗakin Kaka Tasalla na same shi, a garinmu, arewa da Tasawa. Idan ɗari ya shigo, an gama kai gero rumbu, ana idar da magariba a ci tuwo, sai ta sa a kwaso mata garwashin murhu a kasko a aje a ƙofar ɗakinta, a ɗora karan gero da busasshen kashin shanu. Wutar ba ta da wani hasken kirki, hayaƙi ya fi yawa. In ka ba ta gabanka bayanka ya yi ta ƙorafi, in ka juya mata baya gabanka ya kama nasa. Kaka takan tura gujiya cikin toka, ta ce ba mai taɓawa sai tatsuniya ta sauke kaya. Sannan ta shafa alli a yatsa ta ɗauki mazarinta. Yayata Habsu na gefenta da kwandon auduga tana gurza, kuma ba ta da izinin tashi sai kwandon ya ƙare. Mu maza kuwa, ɗuwawu ɗaya a tabarma, kunne ɗaya a dandali inda ake langa.

Haƙori guda ya rage mata a gaba, dogo, ja wur saboda goro. Takan ce shi ne ɗan duwan ɗin bakinta, wato ɗan kwastan, duk maganar da za ta fito sai ya bincike ta, don haka ƙarya ba ta wucewa. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai dai ta ce, "Bakuna su kwanta, kunnuwa su tashi."

Mu ce, "Sun tashi, Kaka."

"Na Illa fa? Ban ga sun motsa ba."

"Sun tashi, Kaka!"

"To riƙe su da hannu, kar su tahi dandali su bar ka nan."

Wadda na fi so ita ce ta kasuwa. Wai tun zamanin da ba a san Nasara ba, akwai garuruwa biyu, Tudun Gawo da Kwarin Kalgo. Ba su da kasuwa, sai mutum ya kwana a hanya kafin ya sayi gishiri. Sarkin ƙasar ya yarda a kafa musu, amma guda ɗaya tak, kuma kowane gari ya ce a ƙofarsa za a kafa. Aka yi ta kai ƙara har sarki ya gaji da ganin rawunansu. Ya ce ranar Laraba da fitowar rana kowane gari ya saki mutum ɗaya ya nufi ɗaya garin. Inda suka haɗu, nan ne kasuwa.

Mutanen Tudu 'yan kokawa ne, masu ƙirji. Da suka ji an ce a saki mutum, sai kunnensu ya ji tsere. Suka fito da Tanko, saurayin da ke kama zomo da hannu, aka shafe masa ƙafafu da man shanu, makaɗa suka zagaye shi da kirari. Wani tsoho ya ce, "Jama'a, ku tsaya mu duba zancen nan da kyau," amma kalangu ya fi muryarsa.

Mutanen Kwari ba su yi kiɗa ba. Suka je suka samo Iya Ladi mai daddawa, wadda ƙafarta ɗaya ke ciwo, kuma wadda ba ta taɓa wuce mutum ba ta gaishe shi ba.

A nan Kaka takan aje mazari ta rikiɗe ta zama Iya Ladi, har da ɗingishi a zaune. "Ina kwana, Malam? Ina gajiya? Ina iyali? Ina mai jego? Jaririn ya daina zawo? Akuyar nan taka da ta ɓace, an gan ta? A'a, ba baƙar ba, mai farin goshi." Ta gaida na ƙofar gida, ta gaida na bakin masallaci, ta tuna ta manta sandarta, ta koma ta ɗauko, ta sake gaida su duka tun daga farko don kada a ce ta yi girman kai. Hantsi ya dubi ludayi, Iya Ladi ba ta yi nisa da rumbunan garin ba. Ta kai gindin wata tsamiya ta zauna tana gyara ɗaurin ƙafa, sai ga Tanko ya faso daji kamar an harbo shi, gumi har dunduniya. Ya daka tsalle ya ce, "Na ci! Na cinye hanyar duka!"

Iya Ladi ta dube shi ta ce, "Sannu, ɗan nan. Ina gajiya? Allah shi yi maka albarka, ka kawo muna kasuwa har gida."

Wayyo, dariya. Mukan faɗi muna birgima har wani ya taka kasko. Ni kuwa a nan nake tashi. In ciro gujiyata daga toka da zafinta, in zura da gudu zuwa dandali ina ihu, "Na ci! Na cinye hanyar duka!" don in riga kowa kwaikwayon Tanko. Ina jin muryar Kaka a bayana, "Illa, zamna, ba ta sauke kaya ba!" In ce, "Kaka, na ji inda daɗin yake!" Kowane ɗari haka muka yi, ni da ita.

Darasin da na ƙulle a haɓar riga na shiga duniya da shi bai da wuya. Wanda ya yi nisa da gida, duk ƙarfinsa ƙofar wasu yake kai wa. Kuma tunda garinmu ke da kasuwar Laraba da tsohuwar tsamiya a tsakiyarta, ban taɓa shakka ba cewa mu jikokin Iya Ladi ne, masu wayo, masu cin nasara a zaune. Kada ku tambaye ni yadda mai wannan darasi ya tsinci kansa a Kano, daga nan Abidjan, daga nan La Courneuve a gefen Paris. Ni fatauci na fito, kuma ɗan fatauci ba gudu yake ba, zagaye yake, ko da zagayen ya kai shi furfura. Ina Abidjan Kaka ta rasu. Yaya Habsu kuma aure ya yi ta jan ta har ya dire ta a Lyon, can saman wani dogon bene a Minguettes.

A wurinta ɗiyata Ramatu ta zauna lokacin da take karatun likitan dabbobi. Ta gama, ta auri Isiyaku, Bazazzagi, yaron kirki duk da ɗan Najeriya ne, wanda aikinsa binciken dawa. Ni dai har yau ban san abin da dawa ta ɓoye da ake bincikenta ba. Aiki ya kai su Amirka, kuma wata guda cur ban bar kowa ya sha shayi lafiya a Belleville ba. "Ɗiyata tana Amirka," in ce, in nuna sama da yatsa, don a san benayen da nake nufi. Sai ta fara aiko hotuna a salula. Na duba, na ga saniya. Na wuce, na ga ciyawa. Na sake wucewa, na ga Ramatu cikin takalmin roba har gwiwa, hannunta har kafaɗa a cikin wata saniyar, tana dariya. Na kife salular a aljihu. Da abokai suka ce in nuna musu Amirka, na ce batir ya mutu. Sunan garin ma ba zan rubuta muku ba. A jihar Kansas yake, kuma duk ranar da na gwada faɗinsa sai Isiyaku ya sunkuyar da kai don kada in ga yana dariya.

Na daure shekaru ina cewa wucin gadi ne. Har na samo mata wuri ta hannun wani abokin ciniki, asibitin karnuka da kyanwoyin tsofaffin mata a gefen Lyon, aiki mai tsabta, a ɗaki mai tayil. Sai ta kira ni wata Juma'a. Ta ce tsohon likitan da take aiki a ƙarƙashinsa gwiwoyinsa sun gaji, yana so ya bar mata asibitin. In ba ta karɓa ba rufewa za a yi, manoman gundumar su rasa mai duba musu dabbobi. Ta ce tana so ta zauna.

Na ce, "Ban yarda ba."

Ta ce, "Baba, in ba ka sa albarka ba, ba zan karɓa ba. Zan tattara in dawo. Amma za mu zo hutu wurin Gwaggo Habsu, ka saurare ni ido da ido. Da na koma zan ba tsohon amsa."

Na san ɗiyata. In ta ce za ta dawo, za ta dawo, ta duba kyanwoyin, ta gaishe ni kullum da ladabi, kuma dariyar nan ta cikin hoto ba zan ƙara ganinta ba. Na san haka sarai, amma na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da a'a ɗina a aljihu, a goge.

Watan Agusta ne, ana zafi. Asansar ɗin benen Yaya, na'urar da ke hawa da mutane sama, ya mace kamar kullum, na hau da ƙafa ina tsayawa a kowane hawa kamar mai duba ingancin gini. Yaya ta yi tuwon simul, na tsakin alkama, da miyar kuka. Bayan magariba muka zauna a falo, ba kasko ba garwashi, sai fanka mai juya kai kamar mai neman wanda ya zage ta. Isiyaku ya zauna ƙasa kusa da ƙofa yadda suruki ya kamata. Yaya na kan kujerarta da carbi. Na gyara babbar riga, na ɗauko muryar alƙali.

"Ramatu, wanga wuri naku, gari ne ko zango? Wa ya kafa shi? Don wurin da ba shi da asali, ba a binne rayuwa a cikinsa."

Na yi zaton za ta daburce. Sai ta gyara zama.

"Baba, ƙasarsu a yanke take gunduma-gunduma, kamar yankan alewa. Kowace gunduma da garinta guda inda alƙali yake, da gidan kaso, da inda ake rubuta gonaki da aure da haihuwa. Namu shi ne na gundumarmu."

"Wato Tasawa," na ce, "amma wadda shanu suka ci da yaƙi."

"Da can ba a nan mazaunin alƙalin yake ba. Garin farko a bakin kogi yake, kudancin gunduma, inda ayarin masu keken shanu ke tsallakawa in za su yamma. Kafin su akwai 'yan asalin ƙasar, masu farautar ɓauna, aka kore su da bindiga da takarda. Mutanen garin ba su cika son a daɗe a wannan wurin labarin ba, amma yana nan. To da manoma suka cika arewa, sai suka ce an cuce su, mai ƙara sai ya kwana a hanya kafin ya ga alƙali. Suka ce mazaunin ya koma inda kowane manomi zai hau doki da safe, ya gama sha'aninsa, ya koma ya tatsi saniyarsa kafin duhu. Aka jefa ƙuri'a, suka ci. Aka kawo masu awon ƙasa da sarƙa, suka ja daga gabas zuwa yamma, suka ja daga kudu zuwa arewa, inda awon ya gicciye suka kafa turke. Ba kogi a wurin, Baba, ba itace ko guda. Ciyawa ce iyakar ganinka, sai iska."

"Alƙalin ya yi wa ciyawa shari'a ke nan."

"Haka mutanen bakin kogi suka ce, suka ƙi tashi. Sai layin dogo ya zo ya bi ta gindin turken, bai ko waiwayi kogi ba. Ciniki ya koma can. Gidajensu na katako ne, sai suka ɗaga su, suka tura gungume ƙarƙashi, suka ɗaura wa shanu. Gida bayan gida, har da coci da shagon maƙeri. Akwai wata mata da har yau ake labarinta, wai ƙin sauka ta yi. Gidan na tafiya tana ciki tana gasa burodi, hayaƙi na fita ta bututu."

Na yi dariya har na ƙware. "Isiyaku, kana ji? Mutanen da ke ɗaura wa gida igiya kamar ɗan maraƙi, a cikinsu ka aje mini ɗiya?"

"Baba, ai gidajen sun daina yawo yanzu," in ji shi, kai a ƙasa. "Sun yi ritaya."

Ramatu ba ta tsaya ba. Ta ce kotun na nan daidai inda turken yake, na jan bulo, da agogo a hasumiyarsa, kuma ƙofofinsa huɗu ne, kowace na duban kusurwa ɗaya, don kada wani ɓangaren gunduma ya ce an juya masa baya. Daga nan tituna suka miƙe sambal kamar zaren saƙa, in ka tsaya a tsakiya kana hango inda gari ya ƙare gona ta fara. Abin da ya fi komai tsawo a garin rumbun hatsi ne na siminti a bakin layin dogo, ya yi kusan tsawon benen da muke zaune a ciki. Kogin da aka baro yana can kudu, rairayi ne yawancin shekara kamar gulbin Maraɗi, kuma a tsohon garin ba abin da ya rage sai maƙabarta. Da bazara guguwa kan sauko daga sama kamar igiya, a busa jiniya, kowa ya shige ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Isiyaku ya ce ƙasar na ba da alkama da dawa, dawa irin tamu, gajera, amma shanu ake ba.

"Dawa? Shanu?" na ce. "Su mutanen me suke ci?"

"Shanun, Baba."

Ta kuma ba ni labarin wani manomi mai taurin kai da ya rantse mace mai lulluɓi ba za ta taɓa masa dabba ba. Ranar da maraƙi ya zo wa saniyarsa a gicciye, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, da kansa ya zo da tarakta ya ɗauki Ramatu. Yanzu in azumi ya zo, matarsa ke hana maƙwabta miƙa mata kofi sai rana ta faɗi.

Gaskiya labarin ya kama ni. Yarinyar da na haifa a La Courneuve ta san ta inda ruwa ke gangarawa a garin wasu, ta san matattunsu. Ni in ka tambaye ni wa ya kafa Belleville, sai in ce wani Basine mai gidan abinci. Amma na zo da a'a ɗina, kuma ban hau benen nan da ƙafa don in sauka da shi ba. Sai na jawo babban makamina. Na ba su tatsuniyar Kaka, tun daga rawunan da suka gajiyar da sarki har zuwa tsamiya. Na yi ɗingishin Iya Ladi, na yi tsallen Tanko gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Sannan na nuna Ramatu.

"Ke ce Tanko. Mun shafe miki ƙafa da mai, mun yi miki kiɗa, kin kwashi ƙarfinki kin kai ƙofar wasu. Mu jikokin Iya Ladi ne, ba mu yin haka."

Ramatu ta sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunta sun sauka, na san ta karɓi hukunci.

Yaya Habsu ta aje carbi a cinya. "Illa, ƙarasa."

A gaban surukina, ba Alhaji ba komai. Na ce, "Yaya, ai na ƙarasa."

"Ka ƙarasa inda ɗuwawunka ya ƙarasa. Ni da kwandon auduga ya ɗaure, ni na ji sauran. Ramatu, ɗago kanki."

Sai ta soma, kuma wallahi muryar Kaka ce ta fito, har da yadda take jan numfashi ta gefen haƙori. Ta ce da Tanko ya gane abin da ya yi, ƙafafun nan da suka kawo shi suka ƙi mayar da shi. Ya zauna gindin tsamiya, kunya ta hana shi komawa Tudu. Laraba ta zo, kasuwa ta ci, amma ba ta kai azahar ba ta watse, don rijiyar Kwari guda ce, ruwanta ɗan kaɗan, kuma kanwa-kanwa. Fatake suka ce ba su ƙara zuwa inda jaki zai mutu da ƙishi. Mutanen Kwari da wayonsu suka zauna suna jiran wani ya yi wani abu. Tanko ya ari dagi wurin Iya Ladi ya fara haƙa, kusa da tsamiyar. 'Yan Kwari na wucewa suna ce masa, "Mai gudu, yau ƙasa ka nufa?" Ya ci gaba da haƙa. Rani ya ƙare yana cikin rami, Iya Ladi ce ke zura masa fura da igiya, tana gaishe shi daga sama har furar ta yi tsami. Ana gab da damina ya taɓa ruwa, garai-garai, mai daɗi.

Labari ya kai Tudu. Uwar Tanko ta ce ita inda ɗanta ya fitar da ruwa nan ne garinsu. Ta tara samari, suka shiga ƙarƙashin jinkar ɗakinta suka ɗaga ta ɗungurungum, suka kama hanya, ita tana gaba da tukunyarta a kai. Maƙwabciya ta gani ta ce ba za a bar ta da kango ba. Kafin ruwan farko ya sauka, in ka tsaya a tudu sai ka ga jinkaye a jere cikin daji suna tafiya da ƙafafun mutane a ƙarƙashinsu, kamar kunkuraye za su biki.

"Nan Kaka ke tono gujiya," in ji Yaya. "Ta ce, 'Garin da suka aje jinkayen, shi ne wanga da kuke zamne. Rijiyar, ita ce ta bayan gidanmu. Tanko kuwa kakan kakanku ne, kuma duk wanda ya yi mishi dariya ya tashi, da ruwanshi zai wanke baki gobe da sahe.' Kai ka ɗauka don me ake ce muna gidan masu rijiya? Don kyan fuskarka?"

Ban taɓa tambaya ba. Na sha ruwan rijiyar nan, na faɗa cikinta sau ɗaya aka ciro ni da guga, kuma ban taɓa tambaya ba. Na dubi Isiyaku, ya ƙura wa kafet ido kamar ya gano wata sabuwar dawa a ciki. Na dubi Ramatu. Idonta ya cika, tana jira. Har a lokacin, da na ce dawo, da ta dawo.

Na ce, "Matso."

Ta durƙusa a gabana. Na ɗora hannu a kanta, kan da na aske ranar suna, na ce, "Ki koma ki gaya wa tsohon ya huta da gwiwoyinsa. Allah shi yi miki albarka, ke da mijinki da garinki da shanunki. Allah shi kare ki daga guguwar nan mai igiya. In kin gaji, ƙofata a buɗe take, amma ba ni na kira ki ba."

"Amin, Baba," in ji Isiyaku, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

Na yi ta juya abin a raina tun daga ranar. Kaka ba ta taɓa cewa Tanko bai yi wauta ba, wauta ya yi, kuma dariyarmu halal ce. Sai dai ita ba ta tsaya a kan yadda mutum ya isa wuri ba. Abin da ya dame ta shi ne me ya yi bayan ya isa, lokacin da kiɗa ya ƙare, ba mai yi masa kirari. Masu awon nan sun kafa turke a ciyawa, amma turke bai zama gari ba sai da wata mata ta yarda a ja ta da burodinta. Ina jin da Kaka ta ji labarin matar nan, da ta ce a kai mata goro. Yanzu a Belleville batir ɗina ba ya mutuwa. Duk wanda ya shigo sayen turare sai ya ga saniyar, sai ya ji ƙofofin kotu huɗu, sai na zana masa gundumar a kan kwali da turken a tsakiya. Wani Bazabarme ya ce mini ai ƙauye ne. Na ce masa alƙali gare su, da agogo, da likita guda ɗaya tak, kuma ni na haife ta.

Amma a falon Yaya, da yammacin nan, ban kai ga wannan zurfin ba tukuna. Abin da na ji kawai shi ne iska ta fara shiga babbar rigata. Ramatu ta kawo shayi, na kurɓa, na miƙe ƙafa, na dubi fitilun Lyon ta taga.

"To ai shi ke nan," na ce. "Jini ba ya ɓuya. Ashe shi ya sa ƙafata ba ta zauna ba. Tasawa, Kano, Abidjan, Paris. Isiyaku, ka duba da kyau, Tankon zamanin nan ne zaune gabanka."

Yaya ta ɗauki carbinta, ba ta ko dube ni ba.

"Tanko da ya yi nisa, ruwa ya fitar wa mutane. Kai famfon kicin ɗinka tun Sallar bara yake zuba, ka tara masa bokiti kana jiran Bature mai gyaran famfo ya dawo daga hutu."